Wayata tana nuna 4G amma da kira ya shigo sai ta koma H, me ke faruwa ne?

Ummu Khadija: Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin waya ku taimaka min da wani abu da ya daɗe yana ɗaure min kai. Wayata a sama tana nuna 4G lafiya lau, amma da na buga kira ko aka kira ni sai in ga ta koma H, wani lokacin ma E, kuma in ina sauke wani abu sai ya tsaya cak har sai na kashe kiran. Jiya ina cikin tura wa ɗalibaina bidiyon darasi kira ya shigo, sai da na sake daga farko. Wayar ce ta samu matsala ko haka abin yake? Sannan wai su waɗannan G ɗin, 2G 3G 4G yanzu ga 5G, mene ne ainihin bambancinsu, banda a ce wannan ya fi wancan sauri?

Nazifi: Wa alaikumus salam Anti. ki sayi mai 5G kawai ki huta, 4G ai ya zama tsohon yayi

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam Malama. Wayarki ƙalau take, kuma Nazifi sayen sabuwa ba lallai ya magance wannan ba. Abin da ke faruwa shi ne, shi 4G tun da aka ƙera shi ba a yi masa hanyar kiran murya irin ta da ba, data kawai ya sani. Toh in kira ya shigo sai netwok ɗin ya ce wa wayar ta sauka 3G ko 2G ta amsa, in kin gama ta sake hawa. H ɗin da kike gani 3G ne da aka ƙara wa ƙarfi, E kuma 2G ne da aka ƙara wa ƙarfi, kuma a kan 2G yawancin lokaci ba a iya haɗa kira da data lokaci ɗaya, shi ya sa bidiyonki ya tsaya. Maganinsa wani abu ne da ake kira VoLTE, wato a mayar da muryar ita ma data ta bi ta kan 4G ɗin. Ki duba saitin sim ɗinki ko akwai shi ki kunna, amma fa sai in kamfanin layinki ya buɗe shi kuma ya yarda da irin wayarki.

Ummu Khadija: Ikon Allah, wato sauka take yi da gangan. Na gode Injiniya zan duba. Amma me ya sa za a yi sabon abu a bar murya a baya, ai waya don kira aka yi ta tun asali

Injiniya Bashir: Wannan tambayar ita ce gaba ɗaya labarin. Ki ɗauka kamar shatar mota ce da motar haya. A tsarin da, in kin buga kira sai a ware miki hanya ke kaɗai daga farko har ƙarshe, ko kina magana ko kin yi shiru hanyar taki ce, shata kenan. Ita kuwa data ana yanka ta ƙanana ƙanana ne kowane guntu ya shiga inda ya samu wuri tare da na sauran mutane, in sun isa a sake haɗa su. Da farko duk shata ake yi, daga baya aka riƙa liƙa motar haya a gefe, a 4G kuma aka ce an daina shata kwata-kwata saboda ɓarnar wuri ce.

Baba Alhaji: Yara ku ba ku san wahalar da aka sha ba. Ni na riƙe irin wayar farko a hannuna, wani abokin aikina ne ya mallake ta, nauyinta kamar bulo, ga eriya doguwa, kuma in kana magana kana jin shuuu kamar rediyo bai kama tasha sosai ba, wani lokacin ma ka ji muryar wasu mutane daban sun shigo cikin maganarku. Amurka ce ta fara kawo abin nan.

Sadiq: Baba Allah ya ƙara lafiya, akwai ɗan gyara kaɗan. Kiran farko da wayar hannu a Amurka aka yi shi gaskiya ne, ranar 3 ga Afrilu 1973, wani injiniyan Motorola Martin Cooper ya tsaya a titi a New York ya kira Joel Engel na Bell Labs wanda suke gasa da shi. Amma wannan gwaji ne. Netwok ɗin salula na farko da aka buɗe wa jama'a su biya su yi amfani a Tokyo ne, kamfanin NTT na Japan a 1979, kuma wayoyin a cikin mota ake kafa su. Sai tsarin NMT na ƙasashen arewacin Turai a 1981, wanda abin mamaki a Saudiyya ya fara aiki kafin ma su masu shi. Amurka sai 1983 ta buɗe nata a Chicago. Wayar Motorola DynaTAC da ta fito lokacin dala 3,995 ake sayar da ita, ka yi mata cajin awa 10 ka yi maganar minti 30.

Baba Alhaji: Madalla ɗana, na karɓi gyara. Toh ita muryar mutanen da nake ji fa?

Sadiq: Saboda 1G, wato tsarin farkon nan, analog ne Baba, muryarka tsirara take tafiya a iska kamar tashar FM, babu wani kulle. Duk mai rediyon da ke kama wannan zangon zai iya zama ya saurare ka. Har lambar wayar ma ana sacewa a iska a saka a wata waya, a yi ta kira kai kuma a kawo maka bil.

Injiniya Bashir: Kuma abin da mutane ba su cika lura ba, babbar dabarar da ta haifi duk wannan ba wayar ba ce, rarraba gari ne. Tun 1947 wani ma'aikacin Bell Labs Douglas Ring ya rubuta shawarar cewa maimakon eriya ɗaya mai ƙarfi ta rufe gari duka, wadda mutane ƙalilan ne za su iya magana a kanta lokaci guda, a yanka garin gida-gida kamar saƙar zuma, kowane gida da ƙaramin turkensa, sai a riƙa maimaita zango ɗaya a gidajen da ke nesa da juna. In kana tafiya turke ya miƙa ka ga na gaba ba tare da kiran ya yanke ba. Daga nan sunan salula ya samo asali, don cell ake ce wa kowane gida da Turanci. Iskar da ake aikawa da saƙo a cikinta tana da iyaka, ba a ƙara ta, toh ni a wurina kowane G amsa ce ga tambaya ɗaya, yaya za a cusa mutane da yawa a cikin wannan 'yar iskar. Saurin da kuke gani daga nan yake fitowa.

Hajiya Rabi: Ni dai in za a tambaye ni 2G ne ya canza duniya, sauran duk ƙari ne. Shi ya kawo sim, shi ya kawo tes, shi ya sa talaka ya riƙe waya. Mahaifiyata har yau 'yar ƙaramar waya mai madannai take riƙewa, caji ɗaya ya kai ta kwana huɗu biyar, ta san inda koren maɓalli yake ta san ja, shi kenan buƙatarta ta biya.

Nazifi: Haba Hajiya, 2G da ko hoto ɗaya sai ka yi ta jira kafin ya buɗe? yanzu fa mutane da waya suke karatu suke aiki suke ganin likita ta bidiyo, wannan duk 4G ne ya kawo ba 2G ba

Hajiya Rabi: Ƙanina ban ce 4G bai yi komai ba. Amma ka tambayi kanka, tsakanin wanda ba shi da hanyar jin muryar ɗansa sam sai ya yi tafiya ko ya aika wasiƙa sannan ya samu, da wanda yake da hoto ya koma bidiyo, wa rayuwarsa ta fi canzawa? Ko tura kuɗi ta waya da ake ta yabo, M-Pesa da aka fara a Kenya a 2007 ai a kan ƙananan wayoyin nan ya tashi, ba ya buƙatar intanet.

Sadiq: Hajiya tana da hujja gaskiya. Kuma abin da ya sa GSM, wato tsarin 2G da ya fi yaɗuwa, ya yi ƙarfi ba fasaha ce kaɗai ba, haɗin kai ne. A zamanin 1G kusan kowace ƙasa a Turai da nata tsarin, ka tsallaka iyaka wayarka ta zama banza. Sai suka kafa kwamiti a 1982, a 1987 suka sa hannu a Copenhagen cewa tsari ɗaya za su bi, aka yi kiran farko a Finland ranar 1 ga Yuli 1991. Da ya zama kowa abu ɗaya yake ƙerawa sai kayan suka yi araha, ƙasashen da ba na Turai ba suma suka ɗauka. Tes na farko kuma Disamba 1992 aka tura shi a Ingila, daga kwamfuta ma aka tura zuwa waya don wayoyin lokacin ba su iya rubutawa ba. Harafi 160 ɗin nan da muka saba da shi, an matse saƙon ne ya shiga wata 'yar hanya da netwok ke amfani da ita wajen aika umarninsa na cikin gida, ba a zaci zai zama wani babban abu ba.

Injiniya Bashir: Ƙari a kan na Sadiq, yadda GSM ya ninka mutane shi ne ya mayar da murya lambobi, sannan ya raba hanya ɗaya ga mutum 8 suna karɓa-karɓa, kowa ya samu ɗan ƙyaftawar ido ya jefa nasa, saurin juyawar ya sa kunne ba ya gane ana yankewa. In kun tuna ƙarar nan dit-dirit-dirit da sifika ke yi in waya na kusa kira zai shigo, wannan kunnawa da kashewar ce kuke ji. Data kuwa a farko kilobit 9.6 ne a daƙiƙa, sai GPRS ya zo wajen 2000 shi ne harafin G da ke fitowa a saman waya, sai EDGE, shi ne E ɗin da Malama take gani.

Ummu Khadija: Wallahi na tuna wannan ƙarar, har mukan ce ga kira nan tafe kafin wayar ta yi ringin. Toh 3G fa, naga kamar ba wanda ke yabonsa a cikinku

Sadiq: 3G ya sha wahala ne Malama. An zuba masa buri da yawa. A shekarar 2000 gwamnatin Birtaniya ta yi gwanjon lasisinsa ta tara fam biliyan 22.5, Jamus ta tara kusan yuro biliyan 50, lasisi kawai fa ba a kafa turke ko ɗaya ba. Kamfanoni suka ci bashi suka rasa kuɗin gini da wuri. NTT DoCoMo ya buɗe a Japan a Oktoba 2001, amma wayoyin farko ga cin batir ga tsada, kuma abin da aka yi ta tallatawa kiran bidiyo ne mutane kuma ba su damu da shi ba lokacin. An gina titi babu motocin hawa. Ko iPhone na farko da ya fito a 2007 ba shi da 3G, a kan EDGE yake. Sai 2008 da aka fitar da mai 3G aka buɗe App Store, Android ma ya fito, sannan mutane suka gane me za su yi da data a waya.

Injiniya Bashir: Ni kuwa ina ganin ana rage wa 3G haƙƙinsa. Shekaru na yi ina aiki a kansa kuma shi ne ya fi ba mu ciwon kai, don a tsarinsa kowa a zango ɗaya yake magana lokaci ɗaya, kowa da lambar sirrinsa da ake tace muryarsa da ita, kamar ɗaki cike da mutane kowane biyu suna yarensu daban. In mutane sun yi yawa hayaniya ta ƙaru sai da'irar turken ta tsuke, wanda ke gefe ya rasa sabis alhali da safe yana da shi cikakke. Na sha zuwa wurin da aka kawo ƙorafi da rana in auna in ga komai daidai, sai na dawo bayan magariba lokacin da kowa ya koma gida ya kama waya sannan in ga matsalar da idona. Amma duk da haka a kan H ɗin nan ne yawancin mutanen duniya suka fara ganin intanet a tafin hannunsu, shi ya koya wa mutane yunwar data, 4G ya zo ya tarar da kasuwa a buɗe.

Nazifi: toh ai kun dawo maganata, 4G ne sarki kafin 5G. kuma 5G gigabit 20 yake bayarwa na karanta

Injiniya Bashir: Gigabit 20 ɗin nan ma'aunin da hukumar sadarwa ta duniya ITU ta sa ne a matsayin ƙololuwa, a yanayi mafi kyau, ba abin da wayarka za ta gani ba ne. Haka aka yi a 4G, ma'aunin ya ce gigabit 1 ga wanda ke tsaye, amma tsarin LTE da kamfanin TeliaSonera ya fara buɗewa a Stockholm da Oslo a Disamba 2009 bai kai nan ba ko kusa, 'yan talla suka riƙa ce masa 4G har ITU ta sassauta a 2010 ta ce toh a kira shi hakan. Kuma 5G kala-kala ne Nazifi. Akwai na zangon ƙasa kamar megahaz 700, yana tafiya nesa yana ratsa bango amma saurinsa bai fi 4G da yawa ba. Akwai na tsakiya wajen gigahaz 3.5, shi ne yawancin ƙasashe ke amfani da shi kuma shi ne mai daɗin. Sai na can sama daga gigahaz 24, wannan ne mai saurin ban mamaki amma bango yana tare shi, ganyen bishiya yana rage shi, ko tafin hannunka in ya rufe eriyar. Dukkansu wayar 5G za ta rubuta maka.

Nazifi: amma ni na gwada da kaina a wayar abokina, fim guda cikin abin da bai kai minti biyu ba ya sauka, wannan ba talla bane ido na ya gani

Injiniya Bashir: Ban musa ba, kuma abin a yaba ne. Sai dai ka sake gwadawa in mutanen wurin duk sun koma kansa, don turke rabawa yake yi. Ni amfanin 5G da na fi gani shi ne wurin cunkoso, filin wasa ko tashar jirgi inda 4G ke shaƙewa, saboda allon eriyarsa yana ɗauke da ƙananan eriya masu yawa, 64 ma akwai, yana iya nuna siginar kai tsaye inda kake kamar tocila maimakon ya watsa ko'ina kamar fitilar ɗaki. Sannan da yawan 5G da aka fara kafawa tun da Koriya ta Kudu ta buɗe a Afrilu 2019, eriyar ce kawai sabuwa, cibiyar da ke juya komai ta 4G ce. Alƙawuran da aka yi na jinkirin da bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba da na'ura miliyan a murabba'in kilomita ɗaya, sai an canza cibiyar ita ma kafin a fara maganarsu.

Maman Amir: ni tsoro na ke ji wlh, ance 5G yana kawo ciwo har ance shi ya kawo korona, ni ko kusa da turken bana son wucewa da yara

Sadiq: Maman Amir ki kwantar da hankalinki. Korona ƙwayar cuta ce, ba ta hawa siginar rediyo, kuma ta yi ɓarna a ƙasashe da yawa da ko turken 5G ɗaya ba su da shi a lokacin. Wannan jita-jitar ta sa an ƙona turaku a Birtaniya a 2020, wasu ma ba na 5G ba ne, aka bar mutane babu hanyar kiran asibiti a lokacin da suka fi buƙata. Siginar waya ko ta wane G ce zangonta yana ƙasa da na hasken da idonmu ke gani nesa ba kusa ba, ba irin hasken hoton ƙashi na asibiti ba ne da ke iya taɓa ƙwayar halitta. In ma tsoro za a ji ni 2G na fi jin tsoro ta fuskar sirri, don a tsarinsa netwok ne ke tantance waya amma waya ba ta tantance netwok, sai mugu ya kafa turken bogi wayarka ta hau ba ta sani ba, kuma kullen muryarsa an daɗe da fasa shi. Daga 3G aka gyara ya zama kowa na tantance kowa. Shi ya sa daga Android 12 wasu wayoyi suke da wurin kashe 2G gaba ɗaya.

Hajiya Rabi: Toh kun ga inda hankalina yake tashi kenan. Kuna ta cewa 2G ya tsufa ba shi da tsaro, na ji kuma ana kashe shi a wasu ƙasashe. Ranar da aka kashe, tsofaffi irin mahaifiyata fa? Na taɓa saya mata babbar waya wallahi kwana biyu ta dawo min da ita, idonta ba ya ganin rubutun sosai kuma yatsanta in ta taɓa gilashin sai ya buɗe abin da ba ta nufa ba, ta kira ni tana cewa in zo in karɓi abata. Ba ƙin ci gaba ba ne, hannunta ne da idonta.

Injiniya Bashir: Hajiya damuwarki a kan hanya take kuma ba ke kaɗai ba. Dalilin kashewar shi ne zangon da tsohon ke zaune a kai in aka ba 4G ko 5G zai ɗauki mutane ninki da yawa, ga kuɗin wuta da gyaran injina kala uku huɗu a turke ɗaya. Japan ta daɗe da rufe 2G, Singafo ta rufe a 2017, manyan kamfanonin Amurka sun rufe 3G a 2022. Amma ki lura a Turai da yawa 3G suka fara kashewa suka bar 2G, kamar Jamus a 2021, saboda ba mutane kaɗai ke kansa ba, akwai mitoci da na'urorin ƙararrawa da na kiran gaggawa da ke cikin motoci. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne abin da ya faru a Ostareliya da suka rufe 3G a 2024, aka gano akwai wayoyi masu 4G sarai waɗanda in za su kira lambar gaggawa sai sun sauka 3G, irin saukar da Malama ta fara tambaya a kai, dole aka toshe su daga netwok. Ni ra'ayina duk inda za a kashe a ba da dogon lokaci, a ƙirga su wa ke kai tukuna, kar a yi don kawai lissafin kamfani ya yi kyau.

Baba Alhaji: Wannan magana taka ta yi min. Mu da muka ga farkon abin ba ma so a ce ƙarshensa an bar mu a baya. Yanzu kuma na ji ana 6G?

Sadiq: Ana kan tsara shi Baba, ana hasashen wajen 2030, don kusan duk shekara goma ake samun sabo. Ba a gama rubuta ƙa'idojinsa ba tukuna, duk wanda ya ce zai sayar maka da wayar 6G yau ka riƙe kuɗinka.

Nazifi: na yarda da batun tsofaffin gaskiya ban taɓa kallonsa ta nan ba. amma Hajiya akwai fa ƙananan wayoyi masu madannai da ke da 4G yanzu, kamanninsu ɗaya da na da

Hajiya Rabi: Da gaske? Toh ya zan gane ko wadda take riƙe da ita yanzu tana da shi, ni ban ga an rubuta komai a jikinta ba

Ummu Khadija: Injiniya na samu VoLTE ɗin a cikin saitin sim, a kashe yake na kunna. Yanzun nan na kira ƙanwata muna magana ina kallon saman wayar, 4G ɗin bai motsa ba, har na tura mata hoto muna kan layi ya shiga, kuma muryar ta fi fita tas kamar tana gefena. Allah ya saka da alheri.

Injiniya Bashir: Amin Malama, madalla. Hajiya ki buɗe murfin bayan wayar Mama ki cire batirin, akwai 'yar farar takarda a ƙasansa da lambar samfurin wayar, ki rubuto mana ita nan mu duba miki. In za ki sayi sabuwa kuma kar ki tsaya a kan an rubuta 4G a kwali kawai, ki tabbatar tana yin VoLTE da layin da take amfani da shi, ki sa sim ɗin a gwada kira a gabanki kafin ki biya.